Kajin Unguwa Sun Tare a Gidanmu

Ranar da Iya Fanta za ta tafi Kibiya, ba ta yi wa kowa sallama ba sai da ta gama yi wa kajinta. Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, tana zaune a sashenta na can ƙuryar gidanmu a Rano, ita da akurkinta da tsohuwar randarta. Gwaggo Saudat ce ta haifi tagwaye a Kibiya, aka ce Iya ta je ta zauna mata har a yi arba'in. Mai babur yana ƙofar gida yana ta danna ham, ita kuwa tana tsugune tana ja wa wata jar sagara kunne a kan shiga madafi.

Da ta gama ta ce, "Maigida, matso nan."

Haka take kirana, wai ni ne mijinta, ko da yake ta sha faɗa cewa tunda take ba ta taɓa ganin miji mai ƙaiƙayin ƙafa irina ba. Sunana Shamsuddeen. Na bar makaranta a aji biyu na ƙaramar sakandare, tun daga nan na yi wanki da guga, na yi cajin waya, na yi yaron mota a tasha, na sayar da rake, na zauna garejin Abdulganiyyu mai gyaran babur. Kowace sana'a na iya ta, zaman ne ban iya ba. Da na fara gane kan abu sai in ji wurin ya yi min ƙunci, in ji kamar ana wani abu mai daɗi a wani waje ba da ni ba.

Baba ya gaji. Ya ce da ruwa ya zauna zai tura ni Nariya wajen ƙaninsa Baffa Mika'ilu, in yi noma har a kai amfani gida. Gidan gonar Baffa yana can bayan gari, babu majalisa, babu gidan kallon ƙwallo, waya ma sai ka hau tudu take kamawa. Ni da jin haka sai da abinci ya fita raina. Iya ce ta shiga maganar. Ta ce wa Baba ya bar mata ni in riƙe mata kaji. Idan ta dawo ta same su yadda ta bar su, to mijinta ya sami sana'a, kada wanda ya sake yi masa zancen Nariya. Idan kuwa ta tarar da ɓarna, ita da kanta za ta ɗaure min kayana. Baba ba ya musu da uwarsa. Ya dai ce Allah ya sa a dace, da irin muryar da ake faɗa wa mai neman aure a gidan da ya fi ƙarfinsa.

To shi ne ta damƙa min amana. Ta nuna min buhun dusa da tukunyar tsaki. Ta ce sau biyu ake ba su, da safe da kuma bayan la'asar, a kira su, a watsa musu da hannu. A sa musu ɗan jar kanwa a ruwa. Ta nuna min su ɗaya bayan ɗaya, babban zakara mai jan wuya, durgu mai gajerun ƙafafu, wake-wake biyu, da 'yan matan kaji jajaye guda biyar waɗanda ni dai a idona duk fuskarsu ɗaya. Ina ta gyaɗa kai, hankalina yana kan wasan da za a buga da yamma.

Bayan ta tafi na leƙa wajen Umma, na fara yi mata daɗin baki ko za ta riƙa taimaka min da na yamma. Ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce ita da kajin surukarta sai ido, tun tana amarya ta koyi wannan karatun.

Kwanakin farko na yi ƙoƙari. Na safe bai dame ni ba. Na la'asar ne matsala, domin a daidai lokacin gari yake fara daɗi. Ana zaune a majalisa hira ta ɗauko, ko an tafi hutun rabin lokaci a gidan ƙwallo, sai in miƙe in ce zan je in dawo. Ba a daɗe ba abokaina suka gano inda nake zuwa, da na motsa sai wani ya ce a ba shi hanya, matansa na jira. Ga shi kuma rabin dusar da nake watsawa ƙasa take bi, akuyar Umma ta lashe wani, iska ta kwashe wani.

Wata rana ina kwance ina latse-latsen waya na ga wani mutum ya yi wa kajinsa mazubin abinci da bokiti, abincin yana sauka da kansa, shi kuma ya tafi harkarsa. Na tashi zaune. Na ce wannan mutumin ɗan'uwana ne.

Washegari na samo babban bokitin fenti a wajen masu gini. Na kankare shi, na wanke da toka har warin ya fita. Na gasa tsohuwar wuƙa a murhun Umma na yanka ƙananan tagogi kewaye da gindinsa, kowace kamar faɗin yatsu uku. Na ɗauko wani tsohon tire da ya daina zuwa gaban baƙi, na huda tsakiyarsa, na huda gindin bokitin, na haɗe su da noti da na roƙo a garejin Abdulganiyyu. A cikin bokitin na kifa wata ƙaramar roba domin dusa ta riƙa gangarowa wajen tagogin. Na farko da na gwada, tagogin sun yi girma, dusa ta kwararo ta cika tiren ta zube. Na sake samo wani bokitin na rage su. Na ɗora shi kan bulo biyu a ƙarƙashin rumfar Iya inda ruwa ba ya taɓawa, na kewaye da ƙirare yadda kaza za ta shige amma kan akuya ba zai shiga ba. Na yi na ruwa da jarka.

Sai da na cika shi taf, na rufe, na koma gefe. Durgu ce ta fara zuwa. Ta zagaya shi, ta kalle shi da ido ɗaya, ta juya ta kalle shi da ɗayan, sannan ta kai baki. Da ta ci, wata dusar ta sauko ta maye gurbin. Ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba. Tunda nake ban taɓa yin abu da hannuna ya tsaya daidai haka ba. Har Umma na kira ta gani. Ta ce ya yi kyau, ta kuma ce ita dai ba ta ga komai ba, ba ta ji komai ba.

Daga ranar na sami 'yanci. In cika bokiti da safe, in fita, sai magariba. Har Kano na je na dawo, kaji ba su san na yi tafiya ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne rariya. A unguwarmu kowane gida akwai rariya a gindin katanga inda ruwan wanke-wanke da na sama yake fita, kuma nan ce hanyar kaji. Da rana duk a cakuɗe suke yawo, na wannan gida a wancan, na wancan a lungu, babu mai damuwa. Abin da yake raba su shi ne kiran la'asar. Kowace mace da irin nata. Inna Dije, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, gero take karkaɗawa a gwangwani. Hidaya matar Habu tela, ta bayanmu, tire take bugawa da cokali. Wata ta yi da harshe, wata ta yi da tafi. Iya kuwa kur-kur-kur take yi, tana haɗawa da zagi. Da an fara za ka ga kaji suna gudu suna karo da juna a rariya, kowace ta nufi inda aka saba cika mata ciki, a can kuma za ta kwana. Tun ina yaro nake jin wannan kiɗan kullum, ban taɓa tunanin aiki yake yi ba.

Na fara lura dusa tana saurin ƙarewa. Na ce lafiya ce ta samu, ci ya buɗe. Sai na fara ganin baƙin fuskoki a gindin bokiti, wata fara, wata mai tsumma a ƙafa, wani ɗan zakara mara jela. Na ce baƙo rahama ne, za su ci su tafi. Ba su tafi ba. Kaza da ta sami inda abinci ba ya yankewa, me za ta koma yi gidan da sai la'asar ake ba ta tafi ɗaya? Akurkin Iya ya cika ya batse. Waɗanda ba su sami wuri ba suka hau katanga, suka hau turmi, suka hau igiyar shanya. Da asuba zakaru huɗu ne suke cara a tsakar gidanmu, kowa yana son ya nuna shi ne mai gida.

Da la'asar kuwa sai ka ji gwangwanin Inna Dije yana ta kuka, tiren Hidaya yana ta amsawa, babu kazar da ta ɗaga kai. Suna kwance a inuwa sun baje fukafukai, sun ƙoshi har sun gaji.

Inna Dije ce ta fara shigowa, da sandarta da gwangwaninta. Ta tsaya ta daɗe tana kallon taron. Sannan ta tambayi Umma ko gaskiya ne Shamsu ya buɗe gidan abinci, kuma ko ana karɓar tsofaffi, domin ita ma ta gaji da girki. Umma ta ce a tambayi mai gidan abincin. Na fito ina sosa ƙeya na gaishe ta. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, ƙwai ta zo nema, kajinta sun bar yi mata a gida. Muka duba bayan randar Iya muka tarar da ƙwai tuli, manya da ƙanana, farare da masu ɗan ja, babu wanda ya san uwar wani. Hidaya ta leƙo ta kan katanga ta ce idan rabo ake yi a tuna da ita, kajinta uku ne suka yi hijira. Aka kasa ƙwan a tsakar gida kamar naman watanda.

Maganar ta kai masallaci. Ban san abin da Habu tela ya gaya wa Baba ba, na dai ga Baba ya dawo daga sallar isha'i ya tsaya ya haska tocila kan igiyar shanya, kaji suna jere kamar an shanya su. Ya kashe tocilar ya shige ɗakinsa. Da safe ya ɗauko wata fartanya daga rumbu ya ba ni, ya ce in kai maƙera a gyara mata baki a sake mata ƙota, kuma in tsaya a auna ƙotar da tsawona. A ranar da yamma hadari ya haɗu a gabas, aka yi yayyafi.

Ina cikin wannan Iya ta bugo waya. Bayan ta tambayi lafiyar kajinta, sannan ta tambayi ta mutanen gida, ta ce ranar kasuwar Kibiya in kamo biyu daga cikin jajayen 'yan matan nan in kawo, za a yi wa mai jego farfesu. Na ce to. Na kashe waya na je na ƙirga jajaye. Tara na samu.

Huɗu na Inna Dije ne, wannan kowa ya yarda. Amma waɗanne? Ashe da rani Iya ce ta ba Inna Dije ƙwai ta sa wa kazarta, duk 'ya'yan zakara ɗaya ne, kusan rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su. Su biyun kuma ba sa ɗaura wa kaza tsumma, wai wannan aikin yaran mata ne da ba su san dukiyarsu ba. Na ce wa Inna Dije ta zo ta nuna nata. Ta zo ta duba, ta duba, ta ce idonta ba kamar da ba, kuma kajin da ta sani siraran ne, waɗannan kuwa duk sun zama matan alhazai. Ita dai abin da ta sani, nata su ne masu zuwa idan ta karkaɗa gwangwani.

Na ce to ai da sauƙi, in kama kowace biyu, in ya so a daidaita daga baya. Umma da ba ta ganin komai ba ta jin komai, nan take ta ji. Ta ce kada in kuskura in kai wa mai jego naman shubuha tana shayar da jarirai biyu, kuma Iya da ganin ƙafar kaza a cikin romo za ta gane ba tata ba ce.

Sai na yi dabara. Tunda ƙoshi ne ya hana su amsa kira, yunwa za ta sa su amsa. Ana gobe kasuwa na ɗauke bokitin tun da asuba na kulle a ɗakina. Na bi gidajen na sanar cewa yau da la'asar kowa ta yi kiranta, amma bi da bi. Yinin ranar ban fita ko zaure ba. Kaji suka yi ta zagaya bulo biyun nan suna kallona. Zakaran Iya har bakin ƙofata ya zo ya tsaya.

La'asar ta yi. Hidaya ta fara buga tire. Ban gama murna ba na ga duk garken ya tashi, nata da ba nata ba, sun yi rariyar baya suna tattake juna. Muna jin ihunta ta katanga tana cewa ita uku ta kira, ba gayya ta yi ba. Kafin a koro su Inna Dije ta karkaɗa gwangwani, suka juyo gaba ɗaya suka yi gidanta, jajaye tara a sahun gaba. Zaman da suka yi tare ya mai da su 'yan gida ɗaya, inda ɗaya ta sa kai nan sauran suke bi, ga kuma yunwa ta sa kowane kira ya zama nasu.

Saura hanya ɗaya. Na bari suka dawo gindin bulo, na buga wa Iya waya, na buɗe sifika. Na ce mata kiran nan nata ne yake ɓace min, ta ɗan maimaita min in riƙe.

Ta ce, "Wata guda kana kiran kaji, yau ne kiran ya ɓace maka?"

Na ce so nake in ƙware. Ta yi kur-kur-kur sau biyu, ba da zuciya ɗaya ba. Na miƙa wayar wajen kaji. Zakara ya karkata kai ya kalle ta, durgu ta matso ta kai wa gilashin sara ko abin ci ne. Jajayen ko motsi. Inna Dije da take tsaye a bayana ta kasa riƙe dariya, ta saki har da tari.

"Wannan tarin Dije ne," in ji Iya. "Me Dije take yi a sashena da la'asar, ba ta gida tana ba kajinta? Maigida, gobe ka zo ka ɗauke ni. Kada ka kamo komai."

Na ari babur a garejin Abdulganiyyu. Hanyar Kibiya ranar cike take da masu kai kaya kasuwa, buhunan hatsi, kwandunan tumatir, da masu kaji an ɗaure musu ƙafa an rataye a kan babur, kowa ya san nasa. Gonaki an fara shara, wasu har sun yi shuka. Duk inda na ga mutum a duƙe da fartanya sai in kau da kai.

Gwaggo Saudat tana zaune da jariri a kowace cinya. Ta dubi hannuna, ta leƙa bayana, ta ce ko kajin suna tafe a ƙasa ne. Na ce suna gaishe ta. Iya ta riga ta yafa mayafi. A hanya na gaya mata komai, domin na ga gara ta ji daga bakina kafin ta gani. Da muka shiga wani rami ta ce in kula, ita ba dusa ba ce.

Da muka shiga gida na ɗauka kan kaji za ta fara. Sai ta ce in fito mata da abin. Na kawo bokitin na ɗora a kan bulo. Ta zauna kan kujera 'yar tsugunne ta buɗe murfin, ta sa hannu ta damƙo dusa ta shinshina. Ta ce an yi ruwa a nan? Na ce an yi. Ta murza dusar a tafinta, a bushe take. Ta leƙa tagogin, ta shafa bakinsu ko za su yanki kaza. Ta tambayi wa ya yi min. Na ce ni. Ta ce wa ya taya ni. Na ce babu. Ta kalli ƙiraren, ta kalli akuyar Umma da take tsaye a waje tana haɗiyar yawu. Ba ta yabe ni ba, amma ta daɗe a wurin fiye da yadda ake daɗewa a kan abin banza.

Sannan ta aika aka kira Inna Dije, suka shimfiɗa tabarma. Ni aka sa kamu. In kamo ja, in miƙa wa Iya, ta ɗaga ta ta ji nauyi, ta duba ƙafa, ta duba zanko, ta busa gashin wuya. Wannan tata ce, ita ce mai shiga madafi. Wannan ta Dije ce, ga tabon da ɓera ya yi mata tana 'yar tsako. Wadda aka gane sai Umma ta ɗaura mata zare, baƙi na Iya, fari na Inna Dije, tsofaffin suna kallo ba su ce aikin yaran mata ne ba. Haka aka yi ta yi ina haki, har aka zo kan biyun ƙarshe. Ɗaya ta Iya ce, ɗaya ta Inna Dije. Iya ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga waccan ta ajiye. Ta sa aka sake su suka yi tafiya ta gani. Ta sake ɗagawa. A karon farko a rayuwata na ji Iya ta ce ba ta sani ba. Ta ce ƙiba ta shafe musu kama.

Na tuna sharaɗin shi ne ta same su yadda ta bar su, ga shi ita kanta ta kasa gane tata.

Inna Dije ta gyara zama ta ce, "Fanta, kaji nawa za a kai wa Saudat?"

"Biyu."

"To ga biyu. Ni dama ban je barka ba, ƙafa ta hana ni. A yanka su duka. Wadda take tawa na ba ta, wadda take taki kin ba ta. In sun haɗu a tukunya su gane junansu."

Iya ta ce wato Dije ta sami hanyar yin barka da kazar da jikan wata ya yi mata kiwo. Inna Dije ta ce ai shi ya sa ta yi niyya, da siririya ce da kunya za ta hana ta. Suka yi ta yi wa juna tsiya har aka kira la'asar.

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu. Ya gaishe da Iya, ya tsuguna gefe. Fartanyar tana jingine a bakin rumbu da sabuwar ƙota. Ya tambaye ta, a hankali, ko ta sami kajinta yadda ta bar su.

Iya ta ce a'a. Ta ce ta bar kaji masu ladabi ta tarar da 'yan tasha. Ta bar dusar wata uku ta tarar da gindin buhu. Ta bar unguwa lafiya ta tarar kowace mace tana jin haushin akurkinta. Baba yana gyaɗa kai, ni kuwa har na fara tunanin wane wando zan ɗauka.

"Amma ko ɗaya ba ta mutu ba," in ji ta. "Ni ma da nake zaune a kansu, damina ba ta shiga ban yi asarar biyu ko uku ba. Kuma wancan abin, Isiyaku, tunda aka haifi yaron nan ka taɓa ganin ya lalata abu ya koma ya sake shi? Bokiti biyu ya yanka. Uwarsa ta gaya min. Ka bar min mijina."

Baba ya ce yadda ta ce haka za a yi. Na buɗe baki zan yi godiya ta ɗaga min hannu, ta ce ba ta gama ba. Bokitin zai zauna, domin ba ya ɓarnar dusa. Amma ba zai ƙara yini a waje ba. Da safe in fito da shi, su ci, in mayar ɗaki. Bayan la'asar, sai kowace mace a unguwa ta gama kiran nata sun watse, sannan in fito da shi in kira namu, in tsaya a kansu har su gama, in kori baƙi. Ita za ta koma Kibiya ta ƙarasa arba'in, in ta dawo ma ba za ta karɓi aikin ba, gwiwoyinta sun huta sun ji daɗi. Durgu da duk abin da za ta ƙyanƙyashe nawa ne.

Na ce, "Iya, ai don kada in riƙa dawowa da la'asar na yi shi."

Ta ce, "Na sani."

Baba ya miƙe ya ɗauki fartanyar. Na ɗauka rumbu zai mayar da ita, sai ya rataye ta a ƙusa a bakin ƙofar ɗakina, ya ce a nan iska ta fi.

Kafin in mayar da ita Kibiya, da kaji biyu a ɗaure a gaban babur, Iya ta ce kada in ari kiranta, ba zai karɓe ni ba, in nemi nawa. Kwana biyu ina gwaji. Na yi fito, Umma ta ce ba a fito a gidan mutunci. Na yi tafi, aka ce na matar liman ne. A ƙarshe na ɗauko wata tsohuwar sifana ina buga gefen bokitin ina cewa ku taho, ku taho. Ranar farko ina farawa na ji Hidaya ta bayan katanga tana kiran wata ta zo ta ji, Shamsu ya fara tallan koko. Inna Dije ta ɗaga murya ta ce in ƙara zaƙi, ba kwandasta ake nema ba. Daga can gidan ƙwallo aka yi ihu, an ci, ban san wa ya ci ba. Na ci gaba da bugu. Durgu ta taho tana rangaji, wake-wake suka biyo ta, sai jajaye masu baƙin zare. Wata mai farin zare ta leƙo ta rariya, muka haɗa ido, ta yi kamar hanya ce ta biyo da ita.